Yunwar gishiri daban, yunwar nama daban: wa ke zaɓar mana abin da muke ci?

A kasuwar Kara ta Bukur na taɓa tsayawa kusa da wani dattijon makiyayi yana cinikin kanwa. Yadda yake juya ta a tafin hannu, yana ɗanɗanawa a bakin harshe, sai ka ce zinariya zai saya. Na gaishe shi, na ce, "Baffa, ta yaya kuke gane lokacin ba su kanwa ya yi?" Ya ce, "Yaro, ai su suke faɗa. In ka ga saniya ta ƙoshi da ciyawa amma tana lasar ƙasa, tana lasar jikin 'yar'uwarta, tana tauna igiya, to ta gama magana."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Saniya cikinta cike, amma tana jin yunwa. Ashe cikar tumbi daban, biyan buƙata daban. Kuma ita saniyar ba ta san sunan sinadarin da ya yi mata ƙaranci ba, amma bakinta ya nufi inda yake.

Mu ma muna da irin wannan magana a gida. Lokacin da matar ƙanena take da juna biyu, aka lura tana ɓoye farar ƙasa a gefen gado tana ɗan gutsura. Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce kwaɗayi ne kawai, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Goggonmu ta ce a ƙyale yarinya, jiki ya san abin da yake so. Na ɗauki lokaci ina bin abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano a kan wannan, kuma abin da na fahimta shi ne kowane ɓangare ya riƙe gaskiya ta gefe ɗaya. Akwai abubuwan da jiki ya sani sarai, akwai waɗanda koyo yake yi, akwai kuma waɗanda bai san da zamansu ba ko da suna neman kai shi ƙasa.

Ita yunwar da kowa ya sani, ta cikin da ke ƙugi, ba ta da wuyar bayani. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa mai kauri ba, ana ce masa haifotalamas. A cikinsa akwai rukunin ƙwayoyin jijiya biyu masu jan igiya, ɗaya yana cewa a ci, ɗaya yana cewa ya isa. Saƙo yana zuwa musu ta cikin jini. In ciki ya zama wayam sai ya saki wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Kitsen jiki shi ma yana aika nasa, leftin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a Amurka a 1994, yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu. Wannan lissafin yawa ne: nawa za a ci. Tambayar da ta fi ɗaure kai ita ce me za a ci.

Gishiri ne ya fara buɗe wa masana ido. A 1936 wani masani a birnin Baltimo na Amurka, Curt Richter, ya cire wa ɓeraye wasu 'yan ƙullutai da ke zaune a kan ƙoda, waɗanda aikinsu shi ne hana gishiri zurarewa ta fitsari. Ɓeran da aka yi wa haka kwanakinsa kaɗan ne. Amma da ya ajiye musu ruwan gishiri a gefe, irin wanda lafiyayyen ɓera ba ya kula shi, sai suka dinga sha, kuma suka rayu. Babu wanda ya koya musu.

Bayan shekara huɗu, a 1940, shi da wani likitan yara, Lawson Wilkins, suka ba da labarin wani yaro ɗan shekara uku da rabi. Tun yana ɗan shekara ɗaya yake lashe gishirin da ke jikin biskit ya bar biskit ɗin. Da ya gane inda ake ajiye gishiri a gida, sai ya dinga kuka yana nuna wurin. Gishiri na cikin kalmomin da ya fara furtawa. Iyayen suka bar shi yana ci. Da aka kwantar da shi a asibiti don bincike, aka ɗora shi a kan abincin da ake ba kowane yaro, aka hana shi ƙari. Cikin mako guda ya rasu. Sai daga baya aka gano ƙullutan nan na kan ƙodarsa ba sa aiki, kuma gishirin da yake kuka a kai shi ne yake riƙe da ransa. Duk lokacin da na tuna labarin nan sai in ji nauyin kalmar kwaɗayi a bakina. Muna saurin yanke hukunci a kan abin da ba mu gane ba.

Yanzu an san hanyar da saƙon yake bi. In sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya ragu a jiki, ƙoda da ƙullutan kanta suna sa sinadarai biyu su hau a jini, anjiyotensin da aldostiron. Ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke tace abin da zai shige ta daga jini, amma akwai 'yan wurare da aka bar su a buɗe kamar taga, don ta riƙa ɗanɗana jinin. Ta nan labari yake isa. A 2019 Yuki Oka da abokan aikinsa a Kalifoniya suka gano wasu ƙwayoyin jijiya a can ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera, ta wajen ƙeya, waɗanda in aka tayar da su sai ɓeran da ba ya buƙatar komai ya hau lasar dutsen gishiri. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne yadda suke yin shiru. Da zarar gishiri ya taɓa harshe sai su lafa cikin daƙiƙu. In kuwa aka zuba ruwan gishirin kai tsaye cikin tumbi ba tare da ya bi ta baki ba, ba sa lafawa haka. Harshe ne manzon da ƙwaƙwalwa ta yarda da shi a wannan sha'ani.

Buƙata ma tana iya juya ƙi ya koma so. Kent Berridge da Mike Robinson a Jami'ar Michigan sun nuna haka a 2013. Suka saba wa ɓeraye cewa duk lokacin da wani ɗan ƙarfe ya ɓullo a kejinsu, za a watsa musu ruwan gishiri a baki, mai ƙarfin da ya ninka na teku sau uku. Ɓerayen suka tsani ƙarfen, da ya fito sai su juya baya. Wata rana aka ba su maganin da ke sa jiki ya ji gishirinsa ya ƙare. Ƙarfen yana fitowa suka yi kansa, suna lasa suna gatsa, tun ma kafin a sake watsa musu ruwan. Wannan ita ce saniyar Baffa, ita ce kuma giwar da ke shiga kogon Kitum a dutsen Elgon na Kenya cikin duhu tana fasa bango da haure don ta sami gishiri.

To amma mu yau ba ƙarancin gishiri ke damun mu ba. An gina wannan tsari ne don zamanin da gishiri ke zuwa a bayan raƙumi daga Bilma, ko a ɗauko shi a ka daga Keana da Awe. Tsarin yana da ƙarfi wajen cewa nemo, yana da rauni wajen cewa bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A haɗa na miya, da na dunƙule, da na yajin tsire, da na biredi, sai a ga an wuce tun kafin la'asar. Wannan ƙarin ba buƙata ba ce, sabo ne, kuma hawan jini ke biyan kuɗinsa. Abin daɗin shi ne harshe yana sauya ma'auninsa. Wanda ya rage gishiri a hankali, bayan 'yan makonni miyar da yake ci a da sai ta yi masa yawa.

Yunwar da ta fi damuna ita ce ta furotin, sinadarin gina jiki, domin ita ce take aiki a gidajenmu kullum ba tare da mun kira sunanta ba. Labarinta kuwa daga fara ya soma, farar nan da muke soyawa da yaji. A farkon shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Oxford, Stephen Simpson da David Raubenheimer, suka riƙa ba fara abinci iri-iri, wani furotin ya yi yawa, wani sitaci ya yi yawa. In aka ba ta zaɓi sai ta haɗa daidai. In kuwa aka tsare ta a kan abincin da furotin ɗinsa ya yi kaɗan, sai ta yi ta ci, ta yi ta ci, har sai ta tara adadin furotin da take nema, ko da kuwa hakan zai sa ta tara kitse. In furotin ya yi yawa sai ta tsaya da wuri, ko da abin da ta ci bai kai ya ba ta ƙarfi ba. A 2006 Simpson ya bi wasu ƙwari dangin fara da ke tafiya runduna guda a yammacin Amurka. Da aka ajiye musu kwanuka a hanya, sai suka yi dafifi a kan na furotin da na gishiri. Aka kuma gane dalilin tafiyar tasu: duk wanda ya tsaya, na baya za su cinye shi, domin shi ne furotin da gishirin da ya fi kusa.

Sai suka ce bari a gwada mutum. A wani bincike da aka fitar a 2011 a birnin Sidni na Ostireliya, an ajiye mutum 22 ana ba su abincin da aka yi masa dabara, kamanni ɗaya, daɗi ɗaya, amma furotin ɗin ciki ya bambanta: kashi 10, kashi 15, ko kashi 25 cikin ɗari na ƙarfin abincin. Kowa ya ci iya son ransa. A kwanakin kashi 10, mutanen sun ci abin da ya ɗara na kwanakin kashi 15 da kashi 12 cikin ɗari, kuma yawancin ƙarin daga ciye-ciyen tsakanin abinci ya fito. Da aka ɗaga zuwa kashi 25, cin bai ragu ƙasa da na kashi 15 ba, don haka kada wani ya ɗauka cewa narka nama shi ne maganin ƙiba. Abin da binciken ya nuna shi ne in furotin ya tsinke a cikin abinci, baki ba ya hutawa.

Wani ɓangare na wannan saƙo daga hanta yake fitowa. A 2014 Christopher Morrison da abokan aikinsa a jihar Luwiziyana suka nuna cewa in furotin ya yi ƙaranci, hanta tana sakin wani sinadari mai suna FGF21, ya tafi ƙwaƙwalwa ya sauya yadda dabba ke ci. Ɓerayen da aka haifa ba su da shi, ko an rage musu furotin ba sa nuna alamar sun sani. Wasu binciken da suka biyo baya sun nuna sinadarin nan yana tashi bayan an sha sukari, kuma yana rage marmarin zaƙi. Kamar dai hanta ce take cewa zaƙin ya isa haka, a kawo abin gina jiki.

Yanzu mu dawo Jos mu dubi kwanonmu. Muna zaune a cikin albarkar sitaci: dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, masara, acca, doya daga ƙasa, garin rogo. Shi kuwa nama, magidanci da yawa yanzu sai dai ya wuce mahauta ya gaishe su. Kifi ya yi tsada, ƙwai ya zama abin lissafi. Uwa tana da 'ya'ya biyar da kuɗin cefane ƙalilan, dole ta sayi abin da zai cika tukunya. Yaro ya ci tuwo ya ƙoshi, bayan awa ɗaya ya dawo yana cewa, "Umma, yunwa." Sai a ce masa acici. Ni ina ganin sau da yawa yaron gaskiya yake faɗa, yunwar da ke damunsa ce ba a taɓa ba. Haka nan matar da ke ƙara ƙiba alhali gidansu ba wadata, mutane suna mamaki, har da masu yi mata gori. Babu abin mamaki. Abinci mai arha shi ne wanda furotin ɗinsa ya fi tsinkewa, kuma shi ne jiki yake tilasta wa mutum ya ci da yawa.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara dagula lissafin. Ta yaya harshe yake gane furotin? Ta wani ɗanɗano ne da Bajapane Kikunae Ikeda ya gano asalinsa a 1908, ɗanɗanon romo, wanda wani sinadari mai suna gulutamet ke bayarwa. Shi ne daɗin da ke cikin romon nama, da busasshen kifi, da daddawa. Kakanninmu ba su san sunansa ba, amma da suka riƙa dafa kalwa suna rufe ta har ta ruɓa ta zama daddawa, shi suke fitarwa, kuma daddawa tana zuwa da ɗan furotin ɗinta. Dunƙulen zamani da garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda suna kawo wannan daɗi da gishiri mai yawa, amma abin da ke ƙarƙashinsu fulawa ce da mai. Harshe ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa nama ya iso. Hanji ya duba bai ga komai ba. Sai a sake aiko da yunwa. Ba ina cewa dunƙule guba ba ne, ba haka ba ne, kuma ban ga laifin uwar da ta jefa shi a miya don yara su iya haɗiye tuwo ba. Abin da nake so a gane shi ne ɗanɗanon nama ba ya biyan bashin nama.

A 2019 Kevin Hall, lokacin yana cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya ajiye mutum 20 na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, na leda da gwangwani, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. A makonnin abincin masana'anta a matsakaicin lissafi sun ci ƙarin kimanin kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci), suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka sauke kusan kilo ɗaya. Ƙarin da suka ci na sitaci ne da maiƙo. Furotin ɗin da suka ci kusan bai sauya ba.

Sa'ar da muka yi ita ce furotin ba a jikin dabba kaɗai yake ba. Busasshen wake kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya bisa uku. Garin rogo bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Wato mai shan gari in ya jefa ƙuli-ƙuli a ciki, ba ƙawa ya yi ba, gyara ya yi. Awarar da 'yan mata ke soyawa a bakin layi a Gangare da Anguwan Rogo, da ƙosai, da alale, da ɗanwake, da kunun gyaɗa, da nonon da ake dama fura da shi, da gwaten da aka zuba wa wake ko gyaɗa, duk amsoshi ne da iyayenmu suka samo wa wannan yunwa tun kafin a san sunanta. Abin takaici ne a ce muna barin su muna komawa ga abin da ya fi su tsada kuma bai kai su ba.

Shi kuwa zaƙi, na daɗe ina ɗauka maganar harshe ce kawai. Ashe hanji ma yana da nasa harshen. A 2020 Charles Zuker da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia suka ajiye wa ɓeraye kwalba biyu, ɗaya ruwan sukari, ɗaya ruwan zaƙin roba wanda ba ya ba da ƙarfi. Da farko suna shan duka biyun. Cikin kwana biyu suka koma kan sukari kusan baki ɗaya. Har ɓerayen da aka haifa ba sa jin zaƙi sam, su ma suka gane kwalbar sukarin. Dalili shi ne a bangon hanji akwai ƙwayoyin da ke gane sukari, su kai labari ta wata doguwar jijiya mai suna begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko har cikin ciki. A 2022 suka nuna maiƙo ma yana da irin wannan hanya. To ka ga yadda so yake ƙulluwa: baki ya ji ɗanɗano, hanji ya tabbatar da cewa akwai riba, ƙwaƙwalwa ta ɗaure su wuri ɗaya. Gobe ko ƙamshin ya buge ka, ko ka hango launin kwalbar a cikin firij ɗin mai shago, dofamin, sinadarin da ke tayar da marmari a ƙwaƙwalwa, zai motsa, ƙafa ta nufi wurin tun kafin ka yi shawara.

Ba kasafai ake samun abin da Allah ya halitta da ya haɗa maiƙo mai yawa da sitaci mai yawa wuri ɗaya ba. Mu ne muke haɗawa: cincin, fanke, soyayyen dankali, biredi da bota. Dana Small, lokacin tana Jami'ar Yale, ta nuna a 2018 cewa mutane suna yarda su biya kuɗi mafi yawa a kan irin wannan haɗi fiye da abin da ke da maiƙo kaɗai ko sitaci kaɗai, kuma sassan lada na ƙwaƙwalwa sun fi motsawa a kansa. Hanyoyi biyu ne suke kai albishir a lokaci guda.

Kuma ba kowa aka yi wa ma'auni ɗaya ba. Sadaf Farooqi ta Jami'ar Cambridge ta yi wani gwaji a 2016 da mutanen da suka gaji tangarɗa a wata ƙwayar halittar gado mai suna MC4R, wadda ke cikin hanyar saƙon ƙoshi. Aka dafa miyar kaza kala uku masu kama ɗaya, maiƙon ciki ne kawai ya bambanta. Masu tangarɗar suka ci kusan ninki biyu na wadda ta fi maiƙo idan aka kwatanta da marasa ƙiba waɗanda ba su da tangarɗar, ba tare da sun san wacce ce ba. Da aka kawo kayan zaƙi kuma, su ne suka fi ja da baya. Wanda bai taɓa jin irin yunwar da wani ke ji ba, ya yi hattara da yi masa wa'azin haƙuri.

Sauran abin da muke so kuwa, yawanci koyo ne, kuma koyon yana farawa tun a ciki. Julie Mennella ta nuna a 2001 a Filadelfiya cewa jariran da iyayensu suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki sun fi karɓar kunun da ke da ɗanɗanon karas. Ɗan Jos da ya tashi yana son gwate mai yakuwa da gauta, wataƙila tun kafin ya ga duniya ya san su. Ƙi ma koyo ne, kuma ya fi sauri. John Garcia ya nuna tun a shekarun 1950 da 1960 cewa in ɓera ya ɗanɗani abu sannan ciwon ciki ya biyo baya, ko da bayan awanni ne, sau ɗaya ya isa ya guje shi. Wanda zazzaɓi ya taɓa kamawa bayan ya ci wani abinci ya san wannan, shekaru sai su wuce bai iya kallonsa ba, alhali abincin ba shi da laifi. Akwai kuma ƙoshin da ke bin ɗanɗano ɗaya-ɗaya, wanda Barbara Rolls ta auna a 1981: in aka kawo kala huɗu maimakon ɗaya, mutane suna cin ƙarin kusan kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa a tabarmar buɗa-baki za ka rantse ka ƙoshi da ƙosai, amma da an sauke farfesu sai wuri ya samu. Rashin barci ma yana sa hannu. A wani gwaji a Chicago a 2004, samarin da aka bar su barcin awa huɗu na dare biyu, girelin ɗinsu ya hau, leftin ya sauka, kuma abin da suka fi marmari shi ne zaƙi da sitaci da mai gishiri.

To ina maganar Goggo ta tsaya? Masu ra'ayinta suna da hujja guda da ake yawan kawowa. Wata likita a Amurka, Clara Davis, ta bar jarirai 15 da aka yaye su zaɓi abincinsu da kansu daga cikin kala sama da 30, ta fitar da sakamakon a 1928 da 1939. Duk suka tashi lafiya. Amma ita da kanta ta nuna cewa sirrin yana cikin jerin abincin: nama, hanta, ƙwai, madara, hatsi, ganye, 'ya'yan itace. Babu sukari, babu alewa. In duk abin da ke kan faifai mai kyau ne, zaɓi ba ya ɓata.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan iyakar sanin jiki kuwa a nan garin aka samo ta. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a Jos a kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, wanda ke sa gwame ko ƙafar baka. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne ke kawo shi, don haka ake ba da bitamin D. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Aka gano yaran nan kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, shi ne ya yi musu kaɗan, abin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Abin da ya kai yaran asibiti ƙafafunsu ne da suka lanƙwashe. Ciwon ya shiga shiru, ba irin kukan yaron gishiri ba. Haka maƙoƙo, wanda rashin ayodin ke kawowa: wuya ya kumbura shekara da shekaru, mai shi bai taɓa jin marmarin ayodin ba. Shi ya sa tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta zuba shi a cikin gishiri. An ɗora abin da jiki bai san nema ba a bayan abin da ba ya mantawa da shi.

Farar ƙasar matar ƙanena tana tsakanin waɗannan biyun. Likitoci sun daɗe da lura cewa cin ƙasa, ko tauna ƙanƙara, ko gawayi, yana yawan tafiya tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, abin da muke kira ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu. Wato jiki ya ji akwai abin da ya ɓace, amma bai san inda zai nufa ba. Ƙanƙara ba ta da ƙarfen ko kaɗan. Ita kuwa ƙasa, tana iya ɗan kwantar da tashin zuciya, amma tana kama ƙarfen da ke cikin abinci ta hana hanji tsotse shi, sai matsalar ta ƙaru. An kuma sha samun dalma a cikin irin wadda ake sayarwa a kasuwa, ga ƙwan tsutsar ciki in ba ta da tsabta.

Da muka zauna da Goggo na ce mata, "Goggo, kin yi gaskiya, jikinta magana yake yi. Amma a kai ta awo a ji me yake cewa." Ba ta yi musu ba, ita ce ma ta ɗauki mayafi ta raka ta. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa sosai. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce ta riƙa cin wake da ganye da hanta in ta samu, ta kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin ganyen shayi ma yana tare ƙarfen. Bayan 'yan makonni, da kanta ta kwaso ragowar farar ƙasar daga gefen gado ta miƙa wa Goggo, ta ce ko warinta ba ta son ji.